Tandar Mama

"Gwaggo, tandar Mama ce fa!"

Jummai ce ta faɗa, idonta na kan teburin gwanjo. Ranar bikin godiyar girbi ce a cocinsu na Katolika, duk abin da aka sayar na makarantar koyon addini ta yara ne. Tun Jummai na goye mahaifiyarta ke suyar waina a bikin nan da wannan tanda. Bana babu ita.

Gwaggo Saratu, yayar mahaifinta, ta taɓe baki.

"Mai ita ta tafi. Ke kuma kin fake da suya a Ƙofar Doka kina hira da ɗan cikin birni. Na ba coci, Bahago zai saya."

Bahago ɗan shugaban kwamitin coci ne, shi Gwaggo ke so mata. Yana gaba yana kaɗa makullin mota.

Mai gwanjo ya ɗaga tandar, baƙa wuluk. Bahago ya taya. Daga bakin ƙofa wata murya ta ƙara.

Jummai ta waiga... Zailani, ɗan cikin birnin nata! Telan Ƙofar Kibo, wanda bai taɓa taka harabar coci ba.

Wannan ya ƙara, wancan ya ƙara, har Bahago ya share gumi ya zauna.

A cocin nan, wanda ya ci gwanjo mayar da kayan yake yi a sake sayarwa, a tafa masa. Kowa ya shirya hannu. Zailani kuwa ya biya, ya rungumi tanda, baƙinta na shafar farar rigarsa, ya juya abinsa.

Dariya ta ɓarke.

"Malam, ai mayarwa ake yi!"

"A mayar? A kasuwarmu in an sallama, an sallama!"

Ya zo ya durƙusa gaban Gwaggo.

"Mama, ban san tsarinku ba, a yi mini haƙuri. Tun ina yaro nake cin wainar tandar nan a Ƙofar Doka. Ba zan iya ganin ana yawo da ita hannu-hannu ba."

"Iyayenka sun san kana nan?"

"Hajiyarmu ta yi faɗa har ta gaji. Yau ita ta ce in zo."

"Cocinta fa?"

"Ni zan riƙa kawo ta a mashin."

Gwaggo ta daɗe tana kallon yadda ya ƙanƙame tandar a ƙirji.

"Haka marigayiya take riƙe ta..." Ta goge ido da bakin gyale. "Tashi, ka ɓata riga. Ka turo manya."

Jummai ta fashe da kuka.

Da biki ya zagayo, tana suyar waina da tandar a gindin mangwaron da Mama ta saba zama, lallen amarci bai gama fita ba. Zailani na fifita mata wuta.

"Abar ƙaunata, ta farko tawa ce."

Ta buge hannunsa da cokali.

"Biya tukuna, Malam. Ta makaranta ce!"