Layin da Ba a Goge Ba

A ɗakin karatun 'yan digiri na biyu da na uku suka haɗu, gaban soket ɗaya tilo da ke aiki. Dogo, mai neman digirin dakta, ya zare cajarsa ya ce wa wata ɗaliba mai tabarau, "Bismillah, 'Yar Gilashi." Ta harare shi, amma sunan ya bi ta. Kafin zango ya ƙare, ko masu shara sun san da zancensu.

Ana dab da miƙa kundin bincike mahaifiyarta ta kwanta asibiti. Babi na huɗu kuwa ko layi ɗaya ba ta rubuta ba.

"Na haƙura da bana, Dogona," ta tura masa saƙo.

"Ki ji da Mama kawai. Babin nan ki bar min."

Sun san dokar makaranta ta hana wani ya rubuta wa wani, da hannunsu suka sa hannu ranar rajista. Amma ina! Ya rubuta, ita kuma ta buga ta miƙa ko dubawa ba ta yi ba, tana fama da jinya.

Ranar kare kundi, malamin da aka gayyato daga waje ya buɗe babin, ya karanta da ƙarfi: "Sakamakon ya nuna bambancin kaɗan ne. 'Yar Gilashi, in kin zo nan ki goge layin nan, kuma don Allah ki ci abinci."

Ba wanda ya yi dariya. Ta rasa inda za ta sa kanta.

Su biyun aka kora. Duk shekarun da Dogo ya kashe a bincike suka tafi a banza.

Da maganar aurensu ta taso, mahaifinta ya ce, "Wanda ya kashe miki karatu zan ba aurenki? Ba da raina ba."

Ta tura wa Dogo: "Abba ya ƙi."

"Ya fi ni gaskiya, masoyiyata. Ni na cuce ki."

Kuka take har ta rame. Mama ce, da ƙyar take tashi zaune, ta dubi mijinta ta ce, "Malam, laifi sun yi, ban musa ba. An hukunta su. Amma don ta zauna a gefen gadona aka yi shi. Kai ma sai ka ƙara musu?"

Abba ya dube ta. Ya ce, "Ya turo magabatansa."

Satin da 'yan ajinta suka sa rigar yaye aka ɗaura auren. Daga sashensu ko mutum ɗaya bai zo ba.

Da za a tafi da ita, ta durƙusa gaban Abba. "Ka yafe min."

Ya dubi ƙusar da ya kafa a bangon falo tun shekarar da ta fara karatun, inda ya ce zai rataye shaidar digirinta. Ya ce, "Na yafe. Allah ya ba ku zaman lafiya. Ku kawo min hoton bikin, a nan zan sa shi."