Farar Kaza da Yankakkiyar Ciyawa

A wani gari can da daɗewa, an yi wata yarinya mai kaji bakwai. Kullum da hantsi takan kora su bayan gida su ci ciyawa, ta tsaya tana gadin shirwa.

Rannan ta gaji da tsayuwa. Ta ɗauki lauje, ta yanko ciyawa kwando guda, ta zube musu a akurki, ta tafi wasa.

Washegari farar kazarta ta ƙi ci, ta ƙi sha. Ƙasan wuyanta ya kumbura, ya yi tauri. Yarinya ta ruga da ita wurin kakarta.

Kaka ta taɓa wuyan, ta ce, "Me kika ba ta?"

Yarinya ta sunkuyar da kai, ta ce, "Yankakkiyar ciyawa, Kaka. Ƙyuya na yi."

Kaka ta ce, "Ciyawar da ke tsaye saiwa ke riƙe da ita, kaza ta tsinki kaɗan ta haɗiye. Wadda aka yanke kuwa, da tsawonta take haɗiyewa, ta dunƙule mata a wuya."

Kwana uku suna ba ta ruwa, suna murza wuyan a hankali, kafin ta tashi.

Da hantsi yarinya ta rataye lauje, ta kora kaji bakwai bayan gida, ta tsaya tana gadin shirwa.