Sojojin Tsumma

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Manal... mene ne wannan?"

Manal ta juyo daga kan keken ɗinki. Mahaifiyarta Hadijatu na tsaye a tsakiyar ɗaki, ta riƙo abin da yatsu biyu kamar ta tsinto mushen ɓera. 'Yar tsana ce mai kamar kamu biyu, sanye da rigar soja, idanunta maɓallai. A madadin yatsu, allurai ne jere a hannunta, duk an shafe su da jan fenti.

A bakin ƙofa Hudaifa ne, ɗan baffanta, ya harɗe hannu a ƙirji yana kallonta.

"Ummi, ki saurare ni... wallahi ba abin da kike zato ba ne. Fim ne!"

"Fim?"

"Na ban tsoro. Wasa ne kawai, da waya ake ɗauk..."

Ba ta ƙarasa ba mari ya sauka a kuncinta. Tunda ta yi wayo Ummi ba ta taɓa ɗaga mata hannu ba.

"Sihiri ne, Umma," in ji Hudaifa cikin sanyin murya. "Ɗan Nijeriyar nan mai kawo muku yadi. Har muryarta ya ɗauka ya zuba a cikin gunkin. Shi ya sa shekara guda ina neman aurenta tana ce mini la, la, la, ba ta so."

Ya danna wayarsa. Sai ga muryar Manal ta cika ɗakin, a shaƙe, tana jan kalmomi: "Kun ƙone mana gida... yau za mu ɗinke muku ido..."

Hadijatu ta saki 'yar tsanar ta faɗi ƙasa, ta dafe bango.

"A Makka? A garin Allah, ya binti? Ni kika yi wa haka?"

Abin bai fi wata takwas da farawa ba.

Maharazu ma'aikaci ne a wani shagon yadi a kasuwar Zahir. Shi ake aikowa da bandir-bandir na baƙin yadi zuwa gidansu a Utaibiyya, inda Manal da mahaifiyarta ke ɗinkin abaya tun bayan rasuwar mahaifinta. Yakan ajiye kaya a bakin ƙofa, ya yi sallama, ya juya. Ba ya ɗaga kai. Sai wata rana ta ji ya tsaya yana gyaran murya a bayan labule.

"Don Allah, ƙyallayen da kuke zubarwa... ko za a riƙa tara mini?"

"Me za ka yi da tsumma?"

"Sojoji nake ɗinkawa."

Ta yi dariya har ta rufe baki. Washegari ya turo mata bidiyo a lambar da ake kiran odar ɗinki.

Ba ta taɓa ganin fim mai araha irinsa ba. Gidajen kwalin madara ne, bindigogin tsinken tsintsiya, jinin kuwa zoɓo ne da aka dama da sitaci. Hayaƙin yaƙin na turaren wuta ne. Ana ganin zaren fatsar da yake jan 'yan tsanar da shi, wani lokacin har inuwar hannunsa. Duk ranar Juma'a bayan la'asar yake ɗauka, a saman benen da yake haya a Ka'akiyya, kafin rana ta faɗi.

Labarin wani tsohon tela ne a wani ƙauye a bakin tafki. Masu bindiga suka shigo da hantsi suka kashe shi a kan kekensa, jininsa ya zuba a kan 'yan tsana biyar da ya ɗinka wa jikokinsa. Sai suka buɗe ido. Suka bi sawun maharan ɗaya bayan ɗaya, mai allura, mai almakashi, mai zare a wuya.

Ta fara kallo tana dariya. Kafin ya ƙare ta daina.

"Rigunansu ba su ɗinku ba," ta rubuta masa. "Kawo in gyara."

Haka ta zama mai ɗinka wa sojojinsa kaya. Daga baya ya roƙe ta ta yi muryar macen cikinsu. Hausarta ta haifaffun Makka ce, rabi Larabci, sai ta naɗa sau goma yana gyara mata yana tsokanarta.

"Ba 'gidda' ba, ya Manal. Gida. Ke aljanar ma Balarabiya ce!"

A tsakanin gyaran murya da gyaran riga zuciya ta shiga, ba wanda ya san ranar.

Sai da suka shaƙu ya faɗa mata gaskiyar lamarin. Tsohon telan mahaifinsa ne. Garinsu na bakin Tafkin Cadi. Yana nan Makka yana auna yadi, farkon shekarar dubu biyu da sha biyar, aka kira shi aka ce an shiga garin. Mahaifinsa, da ƙanwarsa Mu'minat, da 'ya'yan yayarsa uku. Ba gawa, ba kabari, ba wanda ya ga inda suka faɗi.

"Na yi ɗawafi, na yi sadaka, na yi kuka har na gaji," ya ce mata. "Amma idan na rufe ido sai in ga ba wanda ya tare musu. A fim ɗina ana tare musu, Manal. Ko da tsumma ne."

Ranar da aka mare ta, ta jira Ummi ta shiga sallar la'asar, ta kulle kanta a banɗaki ta kira shi.

"Maharazu, ka ƙone su! Yanzu-yanzu!"

"Me ya faru, habibti? Kuka kike?"

"Hudaifa ya gani. Ya ce sihiri ne. Ka san abin da kalmar nan take ja a ƙasar nan... don girman Allah ka ƙone su."



"Saura fitowa ɗaya in gama."

"Ranka fa nake faɗa maka!"

"Macen cikinsu da ɗankwalin Mu'minat na ɗinka ta. Shi kaɗai ya rage mini, ta sa mini shi a jaka ranar da zan taho. An ƙone ta sau ɗaya, Manal. Ni ba zan sa mata ashana da hannuna ba."

"To ni fa? Ni ba ka tunanina?"

"Ke ce kaɗai abin da nake tunani mai rai," ya ce. "Ki ba ni Juma'ar nan. Ranar Asabar zan zo wurin Baffa Abdurrahim, waliyyinki, da manyana, in yi bayani, in nemi aurenki kamar kowane ɗan halas."

Asabar ɗin ba ta same shi a waje ba.

Ranar Juma'a yana saman bene, zare a yatsunsa, askarawa suka hau. Suka tarar da shi durƙushe a gaban gumakansa, ga allurai, ga jan ruwa a kwano, ga turare na hayaƙi. Ko wa ya shigo abin da zai gani ke nan.

Kwana arba'in da ɗaya ya yi a tsare. Da aka buɗe wayarsa aka kalli bidiyon, an ce har mai binciken ya yi murmushi. Aka wanke shi daga sihiri. Amma mai shagon da ya ɗauki nauyin zamansa ya rantse ba zai ƙara riƙe mai jawo masa magana ba, ya soke masa igama, takardar izinin zamansa. Aka ƙone 'yan tsanar a tsakar gidan da aka tsare shi. Aka sa shi a jirgin tarhil, na waɗanda aka kora daga ƙasar, zuwa Kano da jallabiyar da ke jikinsa, da hatimin hana dawowa.

Manal ba ta yi ihu ba, ba ta yi bori ba. Ta dai daina ci. Tana zaune a kan keke, ƙafa na takawa, ɗinki na karkacewa, ba ta ma gani. Hudaifa ya zo da turare da dabino mai tsada, ta dube shi sau ɗaya.

"Kai ka kira su?"

"Don in cece ki na yi."

"Ka kalli fim ɗin kafin ka kira?"

Ya kawar da kai.

"Ka kalla," ta ce. "Ka san wasa ne. Halas, an gama magana, Hudaifa. Ko kai kaɗai ka rage a Makka."

Hadijatu ta kai ta wurin mai ruƙiya, aka yi mata karatu sati biyu, ba aljanin da ya yi magana. Wata rana da hantsi, suna yankan yadi, Manal ta ajiye almakashi ta tura wayarta gaban mahaifiyarta.

"Ummi, minti goma sha biyu ne. Ki kalla sau ɗaya. In kin gama kika ce in auri Hudaifa, wallahi zan aure shi."

"Ba na kallon gumaka."

"Ummi... na roƙe ki da darajar Abba."

Hadijatu ta ja tsaki, ta gyara tabarau, ta ɗauka.

Da farko tana taɓe baki. "Wannan ai kwalin madara ne." Sai hayaƙi ya tashi a kan gidajen, aka ji ƙarar harbi da Maharazu ya yi da murfin tukunya, aka nuno takalmin yaro guda ɗaya a kan yashi. Hadijatu ta matso da wayar kusa da fuskarta.

"Wa ya faɗa masa?"

"Me, Ummi?"

"Takalmin. Wa ya faɗa masa zancen takalmin?"

Ta cire tabarau, hawaye na bin kuncinta. Manal ta san mahaifiyarta ta baro Njamena tana yarinya lokacin yaƙi, iyakar abin da ta sani ke nan. Ranar ta ji sauran. Shekarunta sha biyu, suna gudu zuwa bakin kogi, tana riƙe da hannun ƙaninta Tijjani. Ta waiwaya ta ga hannunta wayam. Ta koma da gudu, takalminsa ɗaya ta samu.

"Shekara talatin da shida ban faɗi sunansa da ƙarfi ba," in ji Hadijatu. "Da na iya ɗinka abin da zai tashi ya nemo mini shi, wallahi da na ɗinka. Wannan yaron ba boka ba ne. Maraya ne. Mu muka kai maraya kurkuku, ya Manal... ni na fara gaskata zancen sihiri."

Ta jawo 'yarta ta rungume, ta shafa kuncin da ta mara.

Da yamma ta sa abaya ta tafi gidan Baffa Abdurrahim, mahaifin Hudaifa. Manal ba ta san abin da aka faɗa ba. Ta dai san an yi wata biyu ba a gaisawa tsakanin gidajen, kuma a ƙarshe Baffa ya aiko cewa ya wakilta wani amininsa a Kano ya ba da aurenta, amma ba ruwansa da abin da zai biyo baya.

Da ta kira Maharazu ta faɗa masa, bai yi murna ba.

"A'a, Manal. Ɗaki ɗaya gare ni a bayan shagon wani tela a Fagge. Ba wuta kullum. Ba ni da kowa. Ke igamarki kan baffanki take, in kika fita ta mutu. Ba ki taɓa ganin Nijeriya ba, kuma ni ba zan iya dawo da ke ba."

"Na sani."

"Ummi fa? Ki bar ta ita kaɗai?"

Hadijatu ta karɓe wayar.

"Ya waladi, ka yafe mini."

Sai kukansa kawai ake ji.

"Ni na saba da rabuwa," ta ce. "Ita ba ta saba ba. In ta zauna a nan, a gabana za ta ƙare. Ka riƙe mini hannunta da kyau... ka ji? Da kyau. Kada ka saki."

An ɗaura auren a Kano wata Asabar bayan azahar, amarya na Utaibiyya tana sauraro ta waya. Ba kiɗa, ba taro. Maƙwabta uku suka shigo aka sha shayi.

Ranar tafiya, kafin motar Jidda ta zo, Hadijatu ta ce su je Harami. Rana ta take, farin dutsen na ɗaukar ido. Manal ta yi ɗawafi a nan sau ba adadi tun ana ɗaukarta a kafaɗa, amma ba ta taɓa yin na bankwana ba. Wannan na baƙi ne, masu jakunkuna, waɗanda take gani suna tafiya suna waiwaye suna share ido, tana mamakinsu.

Suka shiga cikin jama'a, kafaɗa da kafaɗa. A zagaye na huɗu Manal ta tsaya cak.

"Ummi, ba zan iya ba... in fasa?"

"Saura uku," in ji Hadijatu, ba ta dube ta ba. "Taka."

Suka cika bakwai. Suka yi raka'a biyu, suka sha zamzam. A bakin ƙofar fita Hadijatu ta tsaya, ta gyara wa 'yarta mayafi, ta sumbaci goshinta ta daɗe.

"Ni ba zan bi ki Jidda ba. A nan zan zauna har jirginku ya tashi."

"Ummi..."

"Yalla, mijinki na jira. Fi amanillah, ya binti."

Manal ta fita da baya-baya, mutane na bangazarta. Ta hango mahaifiyarta ta juya ta koma cikin masu zagaye, baƙar abaya a cikin dubban baƙaƙen abayoyi. Ta bi ta da ido har ta kasa gane wacce ce ita.