Gashin Lupe

Da la'asar sakaliya Peni ya ɗauki ƙanwarsa Lupe a tsohuwar motarsa, suka nufi tafkin kogo. Hoto kawai za su ɗauka su dawo.

Peni maƙwabcina ne, kuma ba mugu ba ne. Yana da rumfunan kwana a bakin teku, inda baƙi daga Jamus da New Zealand ke sauka, su ci gwaza da madarar kwakwa, su yi iyo tare da kunkurun ruwa. Sai dai farin yashi da kunkuru kowane ƙauye a Samoa yana da su. Tafkin ne namu mu kaɗai. Shi yake so ya sa a shafinsa na intanet, da kyakkyawar mace a bakinsa.

Da suka isa ya miƙa mata jan fure. "Sa a kunne. Ki kwance gashin."

Lupe ta dafa ƙeyarta. "Yaya, a nan? Ka manta abin da Kaka ke cewa? Mai Tafki ba ta son ganin gashi a sake."

"Ke da kika yi karatu a Auckland? Turawa nawa suka yi wanka a nan da gashi buya-buya?"

"Su ba su sani ba. Ni na sani."

"To wa zai hau jirgi don ya ga wannan kan naki, a ɗaure kamar busasshiyar kwakwa?"

Ta yi dariya, ta kai masa duka a kafaɗa. A wurinmu namiji shi ne garkuwar 'yar'uwarsa. In ya ce babu komai, to babu komai. Ta zare tsinken da ke ƙeyarta. Gashin ya zubo har ƙugu.

Hasken ya yi kyau ƙwarai. Tana tsaye a kan baƙin dutse, ruwan a bayanta, shi yana ta ɗauka. Can daga ƙauye aka busa ƙaton kwanson teku, alamar kowa ya zauna don addu'ar yamma.

"An busa, Yaya."

"Saura ɗaya."

Tsuntsaye suka yi tsit. Ya lura da hakan, shi da kansa ya gaya mini, ya kuma ci gaba da ɗauka.

Sai ƙamshin man kwakwa ya taso, irin na tsofaffi, mai nauyi, har yana hawa kai. Sai wani sauti a hankali. Shat. Shat. Kamar ana taje kai.

Ya duba gilashin kyamarar. Ga Lupe tana murmushi. A bayanta ga wata mace tsaye, ruwa iya ƙirjinta, a daidai wurin da babu wanda ƙafarsa ta taɓa kaiwa ƙasa. Kanta sumul kamar dutsen rafi, babu ko sili ɗaya. Tana taje gashin Lupe da yatsunta.

Ya ɗaga ido. Babu kowa a bayan Lupe. Gashin ne kawai miƙe a iska kamar igiyar shanya, ya nufi ruwa.

"Yaya," in ji Lupe cikin raɗa, "daina ja, da zafi."

"Ba ni ba ne."

Kanta ya lanƙwashe baya.

Dugaduganta suka fara gurzar dutse.

Ya yar da kyamarar, ya riƙe hannunta, ya ja. Kamar yana jan tsibirin ne. Ruwa ya taɓa ƙafarta. Ba ta yi ihu ba, kallonsa kawai take yi.

Addar fasa kwakwa na rataye a ƙugunsa.

Ya sare gashin, dab da ƙeya.

Suka zube tare. Gashin ya sulale cikin tafkin kamar maciji, furen ya bi shi. Peni ya suri kyamarar, ya ciccibi ƙanwarsa, bai waiwaya ba har mota.

Gashin Lupe bai sake tsirowa ba. Likitoci sun duba, ba su ga komai ba. Kallabi take ɗaurawa. Ba ta taɓa ce masa uffan a kan maganar ba, har yanzu ita ke kai masa shayin koko da safe, kuma na sha ganin ya karɓa bai iya ɗaga ido ba. Da ta zage shi, ina jin da ya samu sauƙi.

Ya goge hotunan duka. Amma rumfunansa ba su taɓa cika kamar bana ba. Baƙi ne ke yi wa juna labarin wata mace da ake gani a tafkin kogo in rana za ta faɗi, gashi har ƙugu, da jan fure a kunne. Yakan ce zai toshe hanyar. Bai toshe ba, don tafkin ne ke ciyar da gidan.

Shekaranjiya ina zaune a rumfarsa wata tsohuwar Bajamushiya ta dawo daga can, fuskarta cike da fara'a.

"Ƙanwarka akwai kirki," ta ce wa Peni. "Yanzu muka rabu da ita a bakin ruwa, har ta ba ni saƙo."

Lupe na tsaye a bayanta riƙe da tiren gwanda. Tun rana tana kicin, sai yanzu ta fito.

Tsohuwar ta ci gaba: "Ta ce ka zo da kyamarar. Wai saura ɗaya."