Bulo da Biskit

Ranar da ya fara ganinta, abin da ke kan cinyarta ya fara kalla kafin fuskarta. Wata 'yar na'urar gem ce ruwan ɗorawa, siririya, tana danna ta da hannu ɗaya. Ɗaya hannun yana miƙe a kan matashi da allurai biyu a jiki, jini na fita ta wani bututu yana dawowa ta wani.

Ɗakin wankin ƙoda ne, kujeru takwas, kowace da injinta. Litinin, Laraba da Juma'a, awa huɗu-huɗu. Shi sabon zuwa ne, direban babbar mota da ƙodarsa ta ajiye aiki kafin ya cika talatin. Da Sista ta gama sa masa allura a kujerar da ke kusa da tata, sai ya ciro tasa na'urar, baƙa, ƙatuwa, da fanka a ciki tana huci.

"Wannan gem ne ko bulo?" ta ce, ba ta ko ɗago kai sosai ba.

"Ai wannan ita ce gem. Taki biskit ce. Ki yi hankali kar yunwa ta sa ki gatsa."

Shi ke nan suna ya bi su. A ɗakin nan dama ba a kiran kowa da sunan yanka, abin da mutum ke zuwa da shi ake kiransa da shi. Akwai Baba Mai Rediyo, akwai Inna Mai Saƙa. Yanzu ga Bulo, ga Biskit.

Wata uku suna musu ɗaya. Shi ya ce allon tasa ya fi faɗi, hotonta tangaran, har ana ganin ƙura na tashi a bayan mota. Ita ta ce me ake da faɗin allo in sai an tokare na'ura da matashi biyu kafin mai hannu ɗaya ya iya riƙe ta. Ya ce gem ɗin tata na yara ne, shuka kabeji da kiwon kaji. Ta ce ita dai kajinta ba su taɓa kifewa a kwana ba. Malamar lissafi ce kafin ciwo ya zaunar da ita, ba a kayar da ita a musu.

Abin haushi, na'urorin biyu ba sa jituwa. Kamfani daban, gem daban, ba yadda za a yi su buga tare ko sau ɗaya.

Amma a wajen batir ta gama da shi. Tata tana kai awa shida. Tasa kuwa tana cika awa uku take mutuwa, kuma Sista ta hana kowa jona caja kusa da inji. Ga shi awa ta huɗu ita ce mugunyar awa, lokacin da sanyi ke shiga ƙashi, jijiyar ƙafa ta ɗaure, mutum ya ji kamar an matse shi an shanya. A wannan awar Bulo ba shi da abin kallo sai ita.

"Biskit, kajin nan naki sun ci abinci kuwa?"

"Tun ɗazu. Kai fa, motar ta sake mutuwa a hanya?"

"Ta mutu. Sai ki rage mini hanya."

Sai ta karkato masa allon, su zauna suna kallon kabeji yana girma. A nan soyayya ta kama su, kuma dukansu sun san ba wuri ba ne mai kyau da za ta kama mutum.

Wata Laraba suka tarar da wani baƙo a kujerar Baba Mai Rediyo, rediyon kuma a hannun Inna Mai Saƙa. Bulo ya buɗe baki zai yi tambaya, Biskit ta girgiza masa kai.

"Ba a tambaya a nan," ta ce a hankali. "In ka ga wani a kujerar mutum, kayansa kuma a hannun maƙwabcinsa, ka yi masa addu'a kawai."

Da yamma ya tura mata saƙo: "Biskit ɗina, yau na ji tsoro. Ban san sauran nawa gare ni ba, amma ko nawa ne ina so in yi su kusa da ke. Ki ba ni izini in turo."

Ta amsa: "Bulona, ka daɗe kana loda kamar na'urarka. Ka turo. Ni ma tsoron nake ji, amma ya fi sauƙi in kana kusa."

Bai samu ya turo ba. A makon nan aka gama gwajin 'yan'uwanta, mutum ɗaya ne kawai jininsa ya dace da nata, ɗan kawunta, Injiniya. Mutumin kirki ne, ya daɗe yana sonta, ya ce zai ba ta ƙoda ɗaya. Sai mahaifiyarsa ta kafa sharaɗi: ba za a tsaga mata ɗa don matar wani ba. In za a yi dashe, to a haɗa da aure.

Babanta da kansa ya tare Bulo a bakin ƙofar asibiti. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi sauƙi.

"Ɗana, na san kana sonta, ban kuma ga laifinka ba. Amma shekara uku ina kawo ta nan, na ga mutum nawa aka canza a kujerun nan. Ga hanya ta buɗe mata. Kai me za ka ba ta?"

Bulo ya sunkuyar da kai. "Ba ni da komai, Baba."

"To ka taimake ni."

Ya taimake shi. Ya roƙi a mayar da shi Talata, Alhamis da Asabar, ya kashe wayarsa, ya bar baƙar na'urarsa a ofishin nas-nas ya ce a ba ta. A ransa kyautar bankwana ce. Namiji in ya tashi yin abin da yake ganin sadaukarwa ce, tunaninsa ba ya wuce nan da can. Sam ya manta abin da kayan mutum ke nufi a hannun maƙwabcinsa.

Ranar Litinin Biskit ta tarar da wata tsohuwa a kujerarsa. Sista tana hutu, wata sabuwar nas ce ta miƙo mata na'urar. "An ce a ba ki."

Ba ta tambaya ba. Inna Mai Saƙa ta ajiye zarenta ta ɗaga hannu tana addu'a, sauran suka taya ta.

Duk da haka da ta koma gida ta tura saƙo: "Bulona, na san ba za ka gani ba. Ko sallama ba ka yi mini ba. Na yafe maka, kai ma ka yafe mini duk abin da na faɗa a kan na'urarka." Saƙon bai shiga ba.

Ta ajiye tata a durowa, ta koma zuwa da tasa. Ta tokare ta da matashi biyu, wuyan hannunta na ciwo, tana tuƙa motarsa tana kifewa a kowace kwana. Ta yarda yanzu, allon ya fi kyau nesa ba kusa ba. Ana cika awa uku ya yi baƙi, ta zauna da sanyi da ciwon ƙafa, ba wanda zai tambaye ta ko kaji sun ci abinci. Da Baba ya sake kawo maganar Injiniya, cewa ta yi, "Duk yadda kuka yi daidai ne."

Aka sa ranar aure da ranar dashe. Saboda gwaje-gwajen da za a yi mata ranar Juma'a, likita ya ɗage wankinta na makon zuwa Asabar.

Tana shiga ta gan shi. Yana kujerar ƙarshe, ya rame, da wata 'yar na'ura ruwan ɗorawa irin tata a cinyarsa, yana ba kaji abinci. Sista ta kama hannunta ta kai ta wajensa.

"Sati biyar ina yi maka addu'ar mamaci," ta ce da aka zaunar da ita kusa da shi. "Sati biyar, Bulo."

Ya kalli baƙar na'urar a hannunta, sai a lokacin ya gane abin da ya aikata. Hawaye ya zubo masa, ga hannu ɗaya a ɗaure, ɗayan kuma ya rasa abin da zai yi da shi.

"Na so ki rayu ne, Biskit."

"Na gwada. Na ga yadda rayuwar take in babu kai."

"Ki karɓi ƙodar. Don Allah ki karɓa. Ni ba ni da abin da zan ba ki sai wannan kujerar."

"Na iya lissafi fiye da kai. Na san abin da zan bari." Ta share ido ta dubi cinyarsa. "Wannan kuma fa? Ba kai ka ce ta yara ce ba?"

"Batirinta na wuce awa huɗu," ya ce. "Amma ba daɗi."

A gida ta durƙusa gaban Baba ta faɗa masa. Ba za ta karɓi ƙodar mutum ta zauna a gidansa tana son wani ba, in ta yi haka ta cuce shi sau biyu. Baba ya roƙe ta, Mama ta yi kuka har muryarta ta dushe. Injiniya ya je wa mahaifiyarsa sau uku a kan ta janye sharaɗin, ta ce sai dai bayan ranta. Daga ƙarshe ya turo saƙo: "Ƙanwata, ki gafarce ni, ba zan iya tsallake maganarta ba. Allah ya kawo miki wata hanyar." Har yau wata hanyar ba ta zo ba.

Kwana tara Baba bai yi mata magana ba. A na goma ya aika a kira Bulo, ya dube shi ya ce, "Ka turo manyanka."

Ranar Lahadi aka ɗaura auren, a falon gidan, mutum bai fi ashirin ba. Sista ta zo, Inna Mai Saƙa ta zo da mayafin da ta saƙa musu. Amarya ta yi kyau, dogon hannun riga ya rufe tabon allura, ango kuwa sai murmushi yake kamar wanda aka ce masa ya warke.

Da aka zo sa albarka, gwaggonta ta fara, "Allah ya ba ku tsawon..." sai ta tsaya, ta rufe baki da gefen mayafi. Kowa ya san addu'ar da aka saba yi, kowa kuma ya san abin da likita ya faɗa a kan ciwonsu.

Baba ya taso. Ya ɗora hannu ɗaya a kan 'yarsa, ɗaya a kan surukinsa.

"Na yafe muku, na sa muku albarka," ya ce. "Allah ya nuna muku safiyar gobe tare. In goben ta yi, zan sake roƙa."

Suka ce amin, su biyun, kafin kowa.