Noti Huɗu a Motar Tahirou

Ranar da na fita takaba, rediyo ya ce ruwa mai yawa na tafe. Bayan la'asar sakaliya na ɗauki sufana, na nufi bayan gidanmu na unguwar Glenwood, inda motar mijina Tahirou take.

Tsohuwar mota ce mai ɗaki, da gado da ɗan murhu a ciki. Ya saye ta a 1995, ya ce in ta gyaru zai kai ni in ga teku. Aiki ɗaya ya rage. Esin sanyaya ɗakin da ke kan rufi yana yoyo, ya sa masa sabuwar roba a ƙasa, saura ɗaure noti huɗu daga ciki, ya ce sai ranar Asabar. Kafin Asabar ta zo, ya yanke jiki ya faɗi a siton da yake aiki a titin Wendover.

Tamfol ɗin da ya rufa wa motar ya yage. Rigunansa da matashinsa suna ciki. Can nake son in zauna, in rufe ido, in ji muryarsa a kaina. Ba ni da kaset ɗinsa ko ɗaya. Muryar nan ce kaɗai ta rage mini.

Na san aikin, mun taɓa gwadawa da tsohuwar robar. Shi a sama yana kallo, ni a ciki ina juya sufana. In roba ta matsu rabi, sai ya ƙwanƙwasa sau biyu, in tsaya. Kullum yana cewa mai matsewa da yawa shi ke kashe roba. Kuma bai taɓa barina in hau tsanin motar ba, wai rufin da santsi.

Anti Ousseina, maƙwabciyarmu, ta leƙo ta shinge. Ta ce magariba ta kawo kai, kuma ɗakin da ya yi wata huɗu babu kowa ba a shigarsa sai da sallama. Na ce mata yanzu zan gama.

Ban yi sallamar ba. Wa zan yi wa sallama a ɗakin mijina?

Ciki warin danshi, da ɗan sauran turarensa. Na hau kujera. Na ɗaure notin farko, na koma kan kishiyarsa, yadda ya koya mini. Iska ta tsaya cak. Ina kan na huɗu sai na ji.

Ƙwas. Ƙwas.

Daga sama.

Hawaye suka zubo mini. Sai murya ta sauko ta ramin iskar, a hankali.

"Muni. Ƙara kaɗan."

Shi kaɗai ke kirana haka. Na ƙara.

"Ƙara."

Rufin ya yi ƙara kamar ana taka busasshen kara. Na sake juyawa, don kawai in sake jin maganar.

"Madalla. Fito ki hau, ki gani."

Ban san lokacin da na fita ba. Na tsinci kaina a matakala ta uku, ƙarfen tsanin da sanyi kamar ƙanƙara. Warin jiƙaƙƙen toka ya cika mini hanci. Hannu ya sauko daga bakin rufin, yatsunsa sun kusa tsawon sufanar.

Na ce, "Tahirou ba ya cewa a ƙara. Ba ya barina in hau."



Sai dariya. Da muryarsa aka fara ta, ba da ita aka ƙare ba.

Yatsun suka taɓa goshina.

Na saki tsanin. Na faɗo kan ciyawa, Anti Ousseina tana jan ƙafata tana Ayatul Kursiyyu da ƙarfi. Ruwa ya ɓarke.

Da safe muka buɗe motar. Robar ta mutu, ta baje kamar fatar ganga. Ruwa ya jiƙa komai, ƙanshin Tahirou ya tafi. Malamai biyu suka zo suka yi karatu, aka ja motar zuwa wurin 'yan gwangwan.

Fuskar Tahirou tana nan a zuciyata, har tabon gemunsa. Na tuna duk abin da ya taɓa faɗa mini, kalma bayan kalma. Amma in na rufe ido in saurara, leɓɓansa kawai ke motsi.