Hanyar Tururuwa a Ɗakin Siliki

Wajen ƙarfe uku na rana wata mata ta shigo ofishin 'yan sanda tana haki. Ita ce mai gidan kiwon tsutsar siliki da ke bayan kasuwa, ma'aikatanta suna ce mata Uwar Kiwo. Ta ce an kwashe mata jariran tsutsotsi faranti guda, irin da ta yi shekara shida tana tacewa. Ba ta zargin kowa sai mai gadi, don shi ke riƙe makulli in sun tafi gona yankan ganye. Ma'aikatan ma sun riga sun taso ƙeyarsa, yana bayan kanta.

Sufeton da aka ba aikin, Sannu-Sannu ake kiransa. Mutum ne da ko shayi sai ya huce yake sha. Ya leƙa wurin mai gadin, ya tarar da dattijo siriri, hularsa a kan gwiwa.

"Baba, wa ya shiga ɗakin yau?"

"Ba kowa, ranka ya daɗe."

"To kai ka ɗauka?"

"Me zan yi da tsutsa? Ko kaza ba ni da ita."

"Gobe kotu za a kai ka. Ga aikinka ya tafi, ga sunan ɓarawo da furfura. Ka sake tunani."

Dattijo ya sunkuyar da kai. Sufeto ya lura ko sau ɗaya bai rantse ba, alhali ɓarawo rantsuwa ce guzurinsa.

Da suka isa gidan kiwon, Kofur ɗin da ya rako Sufeto ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin yana duban sama.

"Yallaɓai, ruwa ake yi?"

"Manyan tsutsotsi ne ke cin ganye," in ji Uwar Kiwo. "Haka ƙarar take."

Ɗaki ne mai sanyi, da katakai hawa-hawa a jere. Kowace ƙafar katako tana tsaye cikin kwanon ruwa. Matar ta ce saboda tururuwa ne, ba ta iya tsallake ruwa. Sufeto ya bi kwanonin ɗaya bayan ɗaya, duk cike suke. Farantin da ake magana yana nan a hawa na ƙasa, ba komai a ciki sai guntayen ganye.

"Girmansu kamar me?"

"Kamar gashin ido. Shekaranjiya suka ƙyanƙyashe."

"Wane ɓarawo ne zai zauna tsintar gashin ido dubu biyu, ya bar farantin?"



Sufeto ya tattare wandonsa ya durƙusa. Layin jar tururuwa ne ya taso daga gindin bango, ya zo kamar taki ɗaya da katakon, a nan ya ƙare. A wurin sun taru suna ta zagaye kamar fasinjojin da mota ta tafi ta bari. Ya lashi yatsa ya goga a tsakiyar layin. Nan take na baya suka rikice, suna ɗaga 'yan gashin kansu biyu suna lalube.

"Ka gani, Kofur? Ita ba da ido take tafiya ba. Gashin nan biyu su ne hancinta, su ne hannunta. Wadda ta samo abinci takan dawo tana goga cikinta a ƙasa, ta bar wari, sauran su bi. Na share warin, hanya ta ɓace."

"Yallaɓai a makarantar 'yan sanda aka koya maka?"

"A kwance a tsakar gidanmu. Ka san ni da lalaci."

Ya bi layin har ramin da ke gindin bango, ya tona da murfin biro. Ga baƙaƙen zarurruka nan a dunƙule, wasu ma suna ɗan motsi. Uwar Kiwo ta dafe ƙirji.

"Ga ɓarayinki," in ji shi. "Saura wanda ya yi musu gada. Inda suke zagayen nan, da safe hanya ta ci gaba zuwa sama. An jingina wani abu da katakon, daga baya aka ɗauke."

Kofur ya kawo tsintsiya ya tsayar a wurin. Tururuwa biyu suka hau, suka sauko. Ya kawo sandar goge ƙasa, ita ma haka.

"Ban da ma'aikata, wa ke gidan nan?"

"Sai mahaifiyata. Ita ta fara kiwon tun ban san kaina ba. Idonta ya tafi. Bara ta ture faranti biyu, shi ne na hana ta shiga."

Tsohuwar tana zaune a inuwar baranda, sandarta a jingine da kujera. Sufeto ya rusuna ya gaishe ta, ya zauna a dakali kusa da ita.

"Inna, yau kin leƙa wajen tsutsotsi?"

"Ni da aka yi wa iyaka? Tun safe ina nan kamar turmi."

Ya dubi hannunta na dama. Tsakanin yatsun duk jajayen ƙuraje, har wuyan hannu.

"Me ya cije ki haka?"

"Sauro ne, ɗan nan."

"Wannan sauron da hannu ɗaya kawai yake gaba. Inna, ara mini sandarki minti biyu."

Ta ɗora tafi a kan sandar, kamar za ta hana. Can ta janye.

Ya kai sandar ɗakin, ya kafa gindinta inda tururuwan ke zagaye, kanta ya riƙe a iska. Ta farko ta taɓa ta da gashin kanta, ta hau. Kafin ka ce kwabo layi ya miƙe a gefe guda na sandar, ba mai karkacewa, kamar hanyar da suka haddace. Uwar Kiwo ta jingina da bango. 

Sai suka ji motsi a ƙofa. Tsohuwar ce ta biyo bango da lalube.

"Sun hau ko?" ta ce.

"Sun hau, Inna."

"Na sani. Shekara talatin ina faɗa da su, sun fi ni gaskiya." Ta juya inda take jin numfashin 'yarta. "Kullum in kun tafi gona nakan roƙi mai gadi ya buɗe mini. Ba na taɓa komai. Zama nake yi in saurari cin ganyensu, daga ƙarar nake sanin ko suna da lafiya. Iyakar abin da ya rage mini ke nan. Yau barci ya ɗauke ni. Da na farka na kai hannu ga sanda, na ji cizo. Na shafa farantin, wayam. Ni da na koya wa kowa a gidan nan kada ko zare ya taɓa katako."

"Inna, ai da kin faɗa mini," in ji Uwar Kiwo.

"Na buɗe baki, sai na ji kuna ihun ɓarawo. Na ce in na yi magana, ko ƙofar ɗakin ba zan ƙara wucewa ba. Ina ji aka ja shi, takalminsa ɗaya ma ya faɗi a gabana. Bai kira sunana ba, ni kuma na yi shiru. Wannan ne laifin, ba barcin ba."

Uwar Kiwo ta share ido da bakin mayafi. "Sufeto, na janye ƙarar. A bar ta a gida."

"Janyewa sai a ofis, da sa hannunki. Ita kam ba dole ta je ba."

"Dole ne," in ji tsohuwar. "A gaban mutane aka kira shi ɓarawo, a gaban mutane zan wanke shi. Rubuta yadda na faɗa, kada ka rage don na tsufa."

Sufeto ya miƙa mata hannu ta kama, 'yarta ta riƙe ɗaya ɓangaren. Suka fito a hankali, ma'aikata na darewa suna ba su hanya. Kofur ya buɗe mata gidan gaban mota, ya gyara mata zama.

"Wane ne direban?" ta tambaya.

"Ni ne, Inna," in ji Sufeto.

"Na ji tafiyarka, ba ka da sauri. Ba wa yaron nan makulli ya ja mu. Bawan Allah yana can tsugune tun rana."

Sufeto Sannu-Sannu ya miƙa wa Kofur makullin motar, ya koma baya ya zauna.